A Rashin Uwa Akan Yi Uwar Ɗaki: Harshen Tushe a Manhajojin Intanet Masu Harsuna da Yawa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauya harshen wayarsa ko na wani shafin intanet zuwa Hausa ya san wannan matsala. Kana cikin karanta Hausa tiryan-tiryan, sai kawai ka ci karo da layi guda na Turanci, kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Da yawa daga cikinmu mukan ɗauka wayar ce ta rikice. A mafi yawan lokuta ba haka ba ne, da gangan aka tsara abin. Manhajar ta nemi Hausa a ma'ajiyarta ba ta samu ba, sai ta ɗauko abin da aka rubuta da wani harshe da aka ajiye mata domin irin wannan rana. Wannan harshe shi ne a wannan maƙala za mu kira harshen tushe.

Maƙalar za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ake ajiye bayani guda a harsuna da yawa, da yadda manhaja take ɗauko abin da aka rubuta da harshen tushe, da kuma irin ɓarnar da kan auku idan ba a yi hattara ba. Zan ɗauko misalaina daga kasuwar Mile 12 ta Legas, inda na fara jin Hausa a bakin 'yan gwari tun ina rakiyar mahaifiyata sarin kayan miya, kafin in san cewa ana karanta harshen a jami'a. Kada ɗan uwa ɗalibi ya ce wannan zancen masu kwamfuta ne. Zai gani a gaba cewa rabin aikin namu ne.

Kasuwar Mile 12 da harsunanta

Kasuwar Mile 12 tana ƙaramar hukumar Kosofe, a kan hanyar da ta tashi daga cikin Legas zuwa Ikorodu. Tana ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake sauke kayan gwari a Nijeriya. Motoci kan taso da tumatir daga wurare irin su Kadawa a jihar Kano da Ɗanja a jihar Katsina, albasa kuma daga irin su Aliero a jihar Kebbi. Tsakanin Kano da Legas tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, ga shi kuma kayan gwari ba sa jira. Tumatirin da ya yi kwana biyu a mota, idan ya tarar da kasuwa ta cika, to a yashe za a sayar da shi. Shi ya sa manomi ko ɗan kasuwa da ke Arewa ba ya loda mota sai ya ji yadda farashi yake a Legas. Waɗanda suka ga shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, sun san yadda kuɗin kwando kan sauya cikin 'yan kwanaki.

A cikin wannan kasuwa ana ciniki da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin Buroka, wani lokaci duk a kan kwando ɗaya. Dillali Bahaushe zai ce tattasai, mai sari Bayarabiya ta ce tàtàṣé. Shi ya ce attarugu, ita ta ce ata rodo. Shi ya ce albasa, ita ta ce àlùbọ́sà. Ba a samun ruɗani, domin kayan suna gabansu, hannu yana nunawa. To amma a ce wani ya ƙirƙiri shafin intanet da zai riƙa nuna farashin kayan kasuwar kullum, yadda na Ɗanja zai karanta da Hausa, ta Mushin ta karanta da Yarabanci, mai otal a Ikeja ya karanta da Turanci. A nan babu kwando, babu hannun da zai nuna. Suna kawai mai karatu zai gani, da lamba a gefensa. Idan sunan ya kauce, farashin ma ya zama ƙarya.

Yadda ake ajiye suna guda a harsuna da yawa

Bayanan irin wannan shafi ana ajiye su ne a rumbun bayanai. Mai karatu ya ɗauki rumbun kamar littafin dillali da aka ja wa layuka. Kowane kaya yana da layinsa, kowane layi kuma an raba shi gida-gida: gidan lamba, gidan suna, gidan ma'auni, gidan farashi, gidan kwanan wata. Kowane gida shi ne za mu kira gurbi. Wannan tsari na cewa ga gurabun da kowane kaya zai mallaka, shi ake nufi da tsarin bayanai.

Abu na farko da mai tsarawa zai yi shi ne ya raba gurabun kashi biyu. Akwai waɗanda ba su da harshe, kamar lamba da farashi da kwanan wata. Naira dubu goma dai naira dubu goma ce ko da wane harshe aka faɗe ta, don haka sau ɗaya ake ajiye ta. Wanda ya ajiye farashi sau uku, ɗaya ga kowane harshe, wata rana zai gyara biyu ya manta da ɗaya. Akwai kuma gurabu masu harshe, kamar suna da ma'auni da bayanin kaya. Waɗannan su ne ake fassarawa, kuma akwai manyan hanyoyi biyu na ajiye su.

Hanya ta farko ita ce a faɗaɗa layin. Maimakon gurbin suna guda, sai a yi uku: suna_ha da suna_yo da suna_en. Waɗannan haruffa bibbiyu da ke ƙarshe ba da ka aka zaɓe su ba. Suna cikin ƙa'idar duniya mai lamba ISO 639-1, wadda ta ba Hausa ha, Yarabanci yo, Ibo ig, Turanci en, Faransanci fr, Larabci kuma ar. Masu amfani da Django, wani sanannen kayan gina shafukan intanet da aka fitar a shekarar 2005, suna da wani ƙari mai suna django-modeltranslation da ke bin wannan hanya. Amfaninta shi ne sauƙi, domin komai yana layi ɗaya. Aibinta kuwa, ranar da aka so ƙara harshe na huɗu sai an taɓa ginin rumbun gaba ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a buɗe littafi na biyu domin fassara kawai. Littafin farko ya riƙe lamba da farashi. Na biyun kuma kowane layi nasa ya ce: kaya mai lamba 7, harshe ha, suna tattasai, kaya mai lamba 7, harshe yo, suna tàtàṣé. Lambar ita ce igiyar da ta ɗaure littattafan biyu. Wani ƙari na Django mai suna django-parler haka yake yi. A wannan hanya ƙara harshe ba ya buƙatar rushe komai, sabbin layuka kawai za a ƙara. Babban misalinta a duniya shi ne Wikidata, rumbun da aka buɗe a 2012 domin taimaka wa Wikipedia. A can kowane abu lamba gare shi. Nijeriya ita ce Q1033, sunayenta na harsuna daban-daban kuma duk a jikin wannan lamba suke rataye.

Ko wace hanya aka bi, matsala ɗaya ce ke jira a gaba: ba a taɓa gama fassara. Yau an kawo sabon kaya, an rubuta sunansa da harshe ɗaya, mai fassara bai zo ba tukuna. Gurbi ya zauna babu komai. Me za a nuna wa mai karatu?

Yadda manhaja ke gane harshen mai karatu

Kafin manhaja ta ɗauko suna, sai ta san harshen wanda ya buɗe shafin. Django, alal misali, yakan duba wurare huɗu bi da bi. Da farko adireshin shafin, ko yana ɗauke da alamar harshe irin /ha/. Idan babu, sai ya duba ko mutumin ya taɓa zaɓar harshe a baya an ajiye masa. Idan babu, sai ya saurari burauzar wayar, domin kowace burauza takan aika da jerin harsunan da mai ita ya fi so. Idan duk wannan bai yi ba, sai ya koma ga harshen tushe, wanda idan mai gini bai sauya shi ba, Turancin Amurka ne.

Alamar harshe kuma takan yi tsawo. Ana iya rubuta ha-NG domin Hausar Nijeriya, ha-NE domin ta Nijar, ko ha-Latn-NG domin Hausar boko ta Nijeriya. Wata ƙa'idar intanet da aka fitar a 2006, mai lamba RFC 4647, ta bayyana yadda ake nema: a riƙa yanke alamar daga wutsiya. Idan babu ha-Latn-NG, a gwada ha-Latn. Idan babu, a gwada ha. Sai an rasa wannan ne za a tafi harshen tushe. Wannan yana da amfani ga 'yan Nijar da ke aiki a Mile 12 da Agege. Bambancin rubutunsu da namu kaɗan ne, kamar yadda suke rubuta ƴa inda muke rubuta 'ya. Saboda haka idan an rasa Hausar Nijar, Hausar Nijeriya ta fi kusa da su nesa ba kusa ba a kan kowane baƙon harshe.

Sai dai yankan wutsiya ba ko'ina yake aiki ba. Alamar ajami ita ce ha-Arab. Idan aka yanke ta, za a faɗa kan ha, wato boko, alhali dattijon da ya zaɓi ajami wataƙila ba ya karanta boko sam. Masu kula da CLDR, wato taskar bayanan harsuna ta ƙungiyar Unicode, sun lura da haka, shi ya sa a tsarinsu ha-Arab ba ta gadon abin da aka rubuta da boko. Harshe ɗaya ne, amma ido ba ɗaya ba ne.

Tambayoyi biyu da ake rikitawa

Yanzu mun zo kan gundarin maganar. Akwai tambayoyi biyu da manhaja za ta iya yi wa rumbu, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Ta farko: wane suna zan nuna wa wannan mutum? Ta biyu: me aka rubuta a gurbin harshe kaza? Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane.

Tambaya ta farko tana da sassauci. Amsarta ita ce a ba shi Hausa idan akwai, idan babu a ba shi harshen tushe, domin da babu gara ba daɗi. A harshen SQL, wanda da shi ake tambayar yawancin rumbunan bayanai, akwai umarni mai suna COALESCE da ke yin wannan aiki. Ana jera masa gurabu, sai ya ɗauko na farkon da ya tarar da abu a ciki. Idan aka rubuta COALESCE(suna_ha, suna_en), ma'anarsa ke nan: duba Hausa, in ka rasa ka kawo Turanci. A django-modeltranslation ma, idan aka kira suna kawai ba tare da wutsiya ba, haka yake yi da kansa.

Tambaya ta biyu kuwa ba ta son sassauci ko kaɗan. Akwai lokutan da ake buƙatar ainihin abin da ke gurbin harshen tushe, ko da wane harshe mai buɗe shafin yake ji. Misali, lokacin da za a nuna wa mai fassara asalin rubutu a gefe guda da gurbin da zai cike a ɗaya gefen. Ko lokacin da za a haɗa rahoton wata, inda ake so kowane kaya ya fito da suna ɗaya tilo. Ko lokacin da ake so a ƙirga gurabun da ba a fassara ba. A irin wannan hali dole a kira gurbin da cikakken sunansa, a hanya ta farko ke nan, ko a hanya ta biyu a nemi layin da lambar kayan da alamar harshen tushe suka haɗu a kansa. Wata dabarar ita ce a umarci manhaja ta sauya harshenta zuwa na tushe na ɗan lokaci, ta ɗauko abin, sannan ta koma inda take. Masana sukan ba da shawarar kada a rubuta en da hannu a wurare ɗari a cikin manhaja. A ajiye alamar harshen tushe a wuri guda, ko'ina a riƙa karanto ta daga can, yadda ranar da aka sauya shawara gyara ɗaya ya wadatar.

Akwai ramuka biyu a kan wannan hanya. Na farko, a wurin kwamfuta babu daban, fanko daban. Gurbin da ba a taɓa rubuta komai a ciki ba, shi ne babu, wanda SQL ke kira NULL. Gurbin da aka buɗe aka adana ba tare da harafi ko ɗaya ba, shi ne fanko. COALESCE yana tsallake babu, amma a yawancin rumbuna ba ya tsallake fanko, sai ya ɗauko shi ya kawo. Sakamakon shi ne mai karatu ya ga farashi ba suna. Maganinsa shi ne a mayar da kowane fanko ya zama babu kafin a tambaya, da wani umarnin mai suna NULLIF. Rami na biyu yana hanya ta biyu. Idan wajen haɗa littattafan nan biyu aka ce a kawo kayan da ke da layin Hausa kawai, duk kayan da ba a fassara ba sai su ɓace daga jerin ɗungurungum. Na Ɗanja zai ɗauka yau ba a kawo attarugu kasuwa ba, alhali suna ne kawai ba a rubuta ba.

Abin da ya same mu

Ban san waɗannan abubuwa daga littafi ba, sai da na ƙona hannu. A wani dogon hutu, wani abokina da ke karanta ilimin kwamfuta ya ɗauki irin wannan shafi na farashi a matsayin aikinsa na kammala karatu, ya roƙe ni in yi masa ɓangaren Hausa. Ya sa Turanci a matsayin harshen tushe. Da ya zo kan kayan yaji, sai ya rubuta wa tattasai da attarugu kalma ɗaya, wato pepper, da niyyar zai bambanta su daga baya.

Shafin da ya gina mini domin fassara yana da aibi guda da mu duka ba mu gani ba. Maimakon ya yi tambaya ta biyu, sai ya yi ta farko. Wato duk kayan da ba su da Hausa, sai akwatin Hausa ya fito mini cike da Turanci. Ni kuma na bi jerin ina gyara waɗanda na tabbatar, waɗanda nake shakka na bar su sai na tambayo, na danna maɓallin adanawa. Ashe da na danna, duk Turancin nan na aro ya shige gurbin Hausa ya zauna daram. Manhajar ta ƙirga ta ce babu sauran gurbin da ba a fassara ba. Muka yi murna. Bayan kwana biyu abokina ya gyara Turancinsa, ya ba kowane yaji sunansa. Amma gyaran bai iso shafin Hausa ba, domin a ganin manhajar gurbin Hausa a cike yake, ba ta da dalilin komawa tushe.

Da muka tashi gwaji, sai muka kai wa wani dattijo dillali da mahaifiyata ta daɗe tana sari a wurinsa. Na gaishe shi, na miƙa masa wayar. Ya gyara tabarau, ya bi jerin da yatsa, ya ga tumatir, ya ga albasa, ya gyaɗa kai. Can sai ya tsaya.

"Ɗana, waɗannan biyun fa? Suna ɗaya, kuɗi biyu. Wanne ne tattasai, wanne ne attarugu?"

Na leƙa na ce, "Baba, ina jin na saman ne tattasai."

Ya ce, "Kana ji, ko ka sani? Ƙanena yana gida, da maganata yake loda mota. In ya ga wannan ya ɗauki kuɗin attarugu a kan na tattasai, ya cika mota ya taho, wa zai biya shi kuɗin mota? Kai ko wayar?"

Ban sami abin cewa ba. Ya miƙo mini wayar yana murmushi ya ce, "Ku je ku gyara. Karatu ne, ba laifi. Amma abin da ba ka sani ba, ka bar wurinsa fili, ya fi ka cike shi da na wani."

Wannan magana ta Baba ita ce ƙa'idar gaba ɗaya. Aro na nuni ne kawai, ba na ajiya ba. Gyaran da muka yi uku ne. Akwatin mai fassara ya riƙa fitowa fili idan babu fassara, asalin rubutun kuma a gefe inda ba a iya taɓa shi. Duk sunan da aka aro daga tushe a shafin masu karatu a sa masa alamar cewa ba a fassara shi ba tukuna. Sannan idan aka sauya rubutun tushe, manhaja ta ɗaga wa mai fassara tuta cewa tasa fassarar ta tsufa.

Wane harshe ya cancanci zama tushe?

Bayan mun gyara, sai wata tambaya ta taso mini. Me ya sa tun farko Turanci ne tushe? Abokina ya ce haka ya tarar. Gaskiyarsa ne. Tun shekarun 1990, tsarin fassarar manhaja mai suna gettext ya saba wa masu gini da cewa rubutun asali, wanda galibi Turanci ne, shi ne mabuɗin da ake neman fassara da shi, kuma shi ake nunawa idan an rasa ta. A MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, kowane harshe yana iya samun jerin harsunan da zai jingina da su. Wolof da Bambara, alal misali, Faransanci suke fara komawa. Amma ƙarshen kowane jeri Turanci ne. A wayoyin Android kuwa, dole rubutun tushe ya zama cikakke, domin idan manhaja ta nemi wata kalma ta rasa ta a harshen mai waya, ta kuma rasa ta a tushe, tsayawa take yi ta rufe kanta.

Daga nan za mu fahimci sharaɗin zama tushe. Ba girman harshe ba ne, ba kuma yawan masu jin sa a duniya ba. Sharaɗin shi ne ya zama harshen da gurbinsa ba ya taɓa zama fili, kuma wanda ya fi bambanta abubuwan da ake magana a kansu. To a kasuwar gwari wane harshe ne wannan? Wanda ya shuka kayan da Hausa ya san su, wanda ya loda su da Hausa ya ƙirga, dillalin da ya karɓe su da Hausa ya yi musu kuɗi. Hausa ta raba tattasai da attarugu da barkono tun daga gona. Ta raba ɗanyen kaya da busasshe, ta san kauɗa. Da a ce Hausa abokina ya sa a tushe, da kuskuren suna ɗaya kuɗi biyu bai taso ba, domin babu ɗan gwarin da zai kira kayan nan biyu da suna guda. Turanci ne ya kamata ya zama fassara a wannan shafi.

Wannan ba ya nufin a tilasta wa kowa Hausa. Harshen tushe na rumbu daban, jerin madogara na mai karatu daban. Ana iya tsara cewa mai Yarabanci idan an rasa nasa a ba shi Turanci, sannan Hausa. Ɗan Nijar kuma a ba shi Hausar Nijeriya, sannan Faransanci, tunda shi ya karanta a makaranta, ko da yake tun watan Maris na 2025 hukumomin ƙasarsa sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Akwai ma sunayen da ba sa buƙatar fassara, kamar sunayen mutane da na kamfanoni. Saboda irinsu ne Wikidata ta fara amfani da alama ta musamman, mul, a shekarar 2024, domin a rubuta suna sau ɗaya ya wadatar da harsuna da yawa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa manhaja mai harsuna da yawa tana ajiye abin da ba shi da harshe sau ɗaya, mai harshe kuma gurbi-gurbi. Mun ga cewa abin da za a nuna wa mai karatu daban yake da abin da ke rubuce a gurbi, kuma wanda ya haɗa su zai cika gurbin Hausa da Turanci yana zaton ya gama aiki. Mun kuma ga cewa zaɓen harshen tushe shawara ce da mutum ke yankewa, ba hukuncin kwamfuta ba.

A nan ne aikinmu yake, 'yan uwa ɗalibai. Mai kwamfuta ya iya gina gurbi, amma bai san ko attarugu da tattasai abu ɗaya ne ba. Idan aka kira ɗayanmu aikin fassarar manhaja, kada ya tsaya ga jerin kalmomin da aka miƙo masa. Ya tambaya: wane harshe ne tushe, kuma me ya sa? Idan na bar gurbi fili, me mai karatu zai gani? Idan kun sauya asalin, ta yaya zan sani? Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna shiga rumbun lafiya? Waɗannan tambayoyi huɗu ba sa buƙatar sanin lissafi, kuma gara a yi su kafin a ɗora tubalin farko, tun ran gini tun ran zane.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, wannan gaskiya ne, kuma babu laifi manhaja ta ari Turanci kafin Hausa ta iso. Laifin shi ne a rubuta sunan uwar ɗakin a gurbin uwa, har a manta cewa ana jiran wata. Ni dai duk lokacin da na ga layin Turanci a tsakiyar shafin Hausa yanzu, nakan san cewa akwai gurbin da ke jiran ɗayanmu ya cike shi.